Ƙafafun da ba sa barci: abin da ya haɗa su da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki

Dare ya yi nisa, gida ya yi tsit. Mace ta kwanta a gajiye tilis, barci ya cika mata ido. Ba ta yi minti goma a shimfiɗa ba sai abin ya taso mata daga can cikin sharaɓa. Ba zafi ba ne irin na rauni, kuma ba ƙaiƙayi ba ne da farce zai kai gare shi. In aka matsa mata ta kwatanta, sai ta ce kamar kiyashi ne ke yawo a cikin ƙashi, ko kamar ana jan wata igiya a tsakiyar tsoka. Ta miƙe ƙafa, ta naɗe, ta goga wannan da waccan, ta juya dama, ta juya hagu. Da abin ya ishe ta sai ta sauko ta fara kai da komo a tsakar ɗaki, nan take kuwa ya lafa kamar an zare ƙaya. Ta koma ta kwanta, ya dawo. Haka za ta yi ta fama har gab da wayewar gari, lokacin da ƙafafun ke sakin ta, sai barci ya kwashe ta a daidai sa'ar da ya kamata ta tashi.

Bayan wata da watanni ta je asibiti. Aka ɗebi jini, aka auna yawansa, aka ce mata jininta lafiya lau, ta rage tunani. Ta dawo gida da ƙafafunta yadda ta je da su.

Wannan amsa ta "jininki lafiya lau" ita ce abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sau da yawa gaskiya ce, amma gaskiya ce da ba ta amsa tambayar da aka zo da ita ba. Jini yana iya cika taf alhali ƙwaƙwalwa na cikin yunwar sinadarin ƙarfe, kuma yunwar ƙwaƙwalwar ce ke hana ƙafa natsuwa.

Ciwon yana da suna. Likitoci na kiransa cutar Willis da Ekbom, a saukake kuma ciwon rashin natsuwar ƙafa. Babu wani gwaji ko hoto da ke nuna shi kai tsaye, daga bakin mara lafiya ake gane shi. Akwai matsananciyar buƙatar motsa ƙafa, yawanci tare da wani irin ji mara daɗi. Tana tasowa ne idan mutum ya zauna ko ya kwanta. Tana lafawa muddin yana motsi. Ta fi tsanani da yamma da dare. Sharaɗi na biyar, wanda masana suka ƙara a ƙa'idojin da aka wallafa a 2014, shi ne a tabbatar ba wani ciwon ne ke kwaikwayonsa ba. Ɗaurewar tsoka da ke tayar da mutum cikin dare daban take, domin ita tsokar ce ke murɗewa ta yi tauri da zafi. Mutuwar jijiyoyin ƙafa irin ta masu ciwon suga ma daban take, domin tafiya ba ta kore ta. Mai karkaɗa ƙafa don sabo kawai shi ma ba ya cikin lissafi, tunda in aka ce ya daina zai daina, ba abin da zai ji.

A ƙasashen Turai da Arewacin Amurka, inda aka fi yin ƙidaya, mutum 5 zuwa 10 cikin ɗari na manya suna da alamun ciwon, 2 zuwa 3 cikin ɗari kuma ya kai musu matsayin da sai da magani. Mata sun ninka maza wajen kamuwa. Mafi yawan masu shi, sama da 80 cikin ɗari, ƙafafunsu na ci gaba da zabura ko bayan barci ya ɗauke su, duk bayan daƙiƙa 20 zuwa 40. Su ba su sani ba, abokin kwanciya ne ke shan shuri.

Likitan Ingila Thomas Willis ne ya fara siffanta shi a rubuce a 1672. Aka yi kusan ƙarni uku ana jingina shi ga damuwa da raunin zuciya, har zuwa 1945 da likitan jijiyoyi na Suwidin Karl-Axel Ekbom ya tattara marasa lafiya masu yawa ya fayyace shi a matsayin ciwo mai zaman kansa. Ekbom ya lura cewa wasu daga cikinsu na da ƙarancin sinadarin ƙarfe. Wani ɗan ƙasarsu, Nils Nordlander, ya ɗauki maganar da muhimmanci. A 1953 ya ba da rahoton cewa ya yi wa masu ciwon allurar sinadarin ƙarfe ta jijiya, kusan dukkansu suka sami sauƙi. Abin takaici, wannan aiki ya kwanta shekaru da dama ba wanda ya waiwaye shi sosai. Sai a 1994 O'Keeffe da abokan aikinsa suka nuna, a tsakanin tsofaffi, cewa gwargwadon yadda ajiyar ƙarfen mutum ta yi ƙasa, gwargwadon yadda ciwon ke tsananta, ko da kuwa ba shi da ƙarancin jini. Waɗanda ajiyarsu ta fi raguwa su ne suka fi amfana da ƙwayar ƙarfe.

Don a gane yadda hakan zai yiwu, sai an san yadda jiki ke tafiyar da wannan sinadari. Duka abin da ke jikin baligi bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. Kusan kashi biyu cikin uku yana cikin himogulobin, wato jan sinadarin da ke cikin ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar oksijin. Wani kaso yana ajiye a hanta da saifa da ɓargo, a cikin wani furotin mai suna feritin. Ɗan ƙalilan ne ke yawo a cikin ruwan jini, a bayan wani furotin ɗan dako da ake kira tiransferin. Daga duk abin da mutum ya ci a yini, miligiram 1 zuwa 2 kacal hanji ke tsotsa, daidai da abin da ke zubewa ta fata da bangon hanji. Saura duk juyi ne, tsohuwar ƙwayar jini ta mutu bayan kimanin kwana 120, a kwance ƙarfenta a gina sabuwa da shi.

Lissafi ne mai tsauri, ba rara a cikinsa. Kowace mililita ɗaya ta jini na ɗauke da kusan rabin miligiram na ƙarfe. Wanda ya ba da jini leda ɗaya ya yi asarar miligiram 200 zuwa 250 a zama guda, abin da hanji zai yi watanni kafin ya mayar. Juna biyu ɗaya na cin kimanin miligiram 1,000. Macen da al'adarta ke zuba da yawa tana fita da fiye da abin da take shigarwa kowane wata.

Idan shiga ta gaza fita, jiki ba ya taɓa jini tukuna. Ajiya yake fara ci. Feritin ya yi ta sauka a hankali, wata bayan wata, himogulobin kuwa na nan daram. Sai rumbu ya ƙare ƙaf sannan ɓargo ya rasa abin gina ƙwayoyin jini, su fara fitowa ƙanana kuma koɗaɗɗu. A nan ne ake cewa mutum na da ƙarancin jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade da himogulobin ƙasa da giram 13 a desilita ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu (10.5 a watanni uku na tsakiya). Ashe ƙarancin jini zangon ƙarshe ne na doguwar tafiya. Kafin a kai can, gaɓoɓin da ba su da fifikon ɓargo sun daɗe suna maneji. Mutum na iya yin shekaru a wannan tsakani, yana gajiya, gashi na zuba, wani ma ya wayi gari yana kwaɗayin tauna ƙanƙara ba dalili, ƙafafu kuma sun hana shi barci, amma duk gwajin yawan jini sai ya fito daidai.

In kuwa har an kai ga ƙarancin jinin, alaƙar takan fito fili. A 2013 Richard Allen na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa suka binciki mutum 251 da aka tabbatar suna da ƙarancin jini na rashin ƙarfe. Kusan 24 cikin ɗari aka samu da ciwon ƙafar a matakin da ke dagula musu rayuwa, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu, ninki da yawa na abin da ake gani a sauran jama'a. Haka abin yake a sauran wuraren da ƙarfe ke ƙaranci. Kimanin mace ɗaya cikin biyar na fuskantar ciwon a lokacin juna biyu, ya fi ƙamari a watanni uku na ƙarshe, lokacin da ɗan tayi ke jan ƙarfe da ƙarfi, kuma ga mafi yawansu yakan tafi 'yan kwanaki ko makonni bayan haihuwa. Masu ciwon ƙoda da ke kan wankin jini suna fama da shi sosai, sau da yawa yakan ja da baya bayan dashen ƙoda. Idan aka tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan 30 cikin ɗari na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, kuma rashin ƙarfe ne babban sanadinsa, za a ga yawan dararen da ake asara.

Amma a sake duba wancan adadi. In ɗaya cikin huɗu na da ciwon a matakin da ke dagula rayuwa, uku cikin huɗu ba su da shi a wannan mataki, duk da cewa ƙarfensu ya ƙare har ya taɓa jini. A gefe guda kuma, mafi yawan masu ciwon ƙafar ba su da ƙarancin jini, da yawansu ma feritin ɗinsu na cikin iyakar da ɗakin gwaji ya amince da ita. Da a ce rashin ƙarfe a jini shi kaɗai ne ke haddasa ciwon, da waɗannan alƙaluma biyu ba su yiwu ba.

Amsar tana cikin kai. Ƙwaƙwalwa ba ta shan duk abin da jini ya kawo. Akwai shinge tsakaninta da jini, kuma ƙarfe sai an ɗauke shi ta ƙofofi na musamman ake tsallakar da shi. A 2000 Christopher Earley da Allen suka auna ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka na masu ciwon. Suka tarar feritin ya yi ƙasa, tiransferin ya yi sama, wanda shi ne hoton gaɓar da ke neman ƙarfe ido rufe, alhali jinin mutanen bai bambanta da na masu lafiya ba. A 2001 hoton maganaɗisu, wato MRI, ya nuna ƙarancin ƙarfe a wani ɗan yanki na tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira baƙin yanki saboda duhun launinsa, inda ƙwayoyin da ke sarrafa dofamin, wani sinadarin aika saƙo tsakanin jijiyoyi, suke. A 2003 James Connor da abokan aikinsa suka duba ƙwaƙwalwar mamatan da suka rayu da ciwon, suka tabbatar da ƙarancin ƙarfen a wannan yanki. Wani abu da suka gani ya cancanci a faɗa wa duk mai wannan ciwo, domin da yawa na tsoron cutar karkarwa ce ta Parkinson ke tafe: ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ba mutuwa suke yi ba. Suna nan da ransu, abinci ne bai ishe su ba.

Me ya sa ƙofar wani ta fi ta wani ƙunci? Gado na da hannu babba. Ciwon na bin dangi, musamman ga waɗanda ya fara musu tun da ƙuruciya. A 2007 bincike biyu, ɗaya a Aisilan ɗaya a Jamus, suka gano ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarinsa, daga ciki akwai BTBD9 da MEIS1. Masu binciken Aisilan sun kuma lura cewa masu ɗauke da nau'in BTBD9 mai haɗarin suna da feritin ƙasa da na sauran mutane. Yadda na fahimci hoton ke nan: wani an haife shi da ƙwaƙwalwar da ke karɓar ƙarfe cikin sauƙi, ko rumbunsa ya ƙare sai ta yi ta lallaɓawa. Wani kuma ƙwaƙwalwarsa da ƙyar take samun rabonta ko a lokacin yalwa, don haka da zarar ajiya ta ɗan ja baya ita ce farkon kokawa. Ƙarancin jini ba ya ƙirƙiro ciwon a jikin kowa, sai dai yana tono shi inda yake binne.

Daga ƙarfe zuwa ƙafa kuwa, hanyar ta bi ta dofamin, sinadarin da ƙwayoyin jijiya ke aika saƙo da shi wajen sarrafa motsi. Bayanin da aka daɗe ana yi mai sauƙi ne. Mataki mafi muhimmanci na haɗa dofamin na hannun wani sinadari da ba ya aiki sai da ƙarfe, don haka in ƙarfe ya ragu dofamin zai ragu. Magungunan da ke ƙara ƙarfin dofamin kuma na kashe alamun tun daren farko, sai kowa ya ce magana ta ƙare. Da aka zurfafa bincike sai aka tarar akasin haka. A ƙwaƙwalwar da ke da ƙarancin ƙarfe, sarrafa dofamin ƙaruwa yake yi. Ƙwayoyin da ke karɓar saƙon, da suka ga ya yi musu yawa, sai su rage kunnuwan da suke sauraro da su. Da rana, lokacin da dofamin ke sama, tsarin na tafiya. Da dare dofamin na sauka bisa agogon jiki, sai ga saƙo ya yi rauni ga kuma kunnuwa 'yan kaɗan. Ƙarfen da ke yawo a jini shi ma ya fi yawa da safe ya ragu da yamma. Wannan ne bayanin da ya fi gamsar da ni kan dalilin da ya sa ciwo ɗaya zai bar mutum ya wuni lafiya ya kama shi da faɗuwar rana.

Akwai ƙarin zare. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna rashin ƙarfe na raunana aikin adinosin, sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa ya jawo barci ya kuma taka wa jijiyoyi birki. Wannan ya dace da abin da masu ciwon ke faɗa, cewa ko ƙafar ta yi shiru kansu ba ya kwanciya, kuma ya dace da yadda kofi da shayi mai ƙarfi ke tsananta wa wasunsu, tunda sinadarin caffeine da ke cikinsu adinosin yake toshewa.

Yanzu a koma ga matar da aka sallama daga asibiti. Abin da ya kamata a auna mata, bayan yawan jini, shi ne feritin da kuma kason tiransferin da ke ɗauke da ƙarfe. Ko an auna ma akwai inda ake tuntuɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar feritin ƙasa da maikurogiram 15 a lita a matsayin rashin ƙarfe ga baligi, kuma ɗakunan gwaji da yawa na buga iyakarsu kusa da nan. Mace mai feritin 30 za ta karɓi takarda ba tare da alamar gargaɗi ko ɗaya ba. Amma wannan iyaka an yanka ta ne don bukatar ɓargo. Ga mai ciwon ƙafa, ƙa'idojin da ƙungiyar masanan ciwon ta duniya ta fitar a 2018 sun ce a yi tunanin ba da ƙwayar ƙarfe idan feritin bai wuce 75 ba, a yi tunanin na jijiya idan bai wuce 100 ba. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a jagorar da ta fito a mujallarta a farkon 2025, ta bi kusan wannan layi, ta kuma ce a riƙa auna ƙarfen duk mai ciwon da ya kai a kula da shi. Tsakanin 15 da 75 akwai jama'a masu ɗimbin yawa da takarda ta wanke su alhali ƙafa ba ta wanke su ba.

Feritin kansa yana da wani hali da ke ruɗar da mutane: yana hawa idan akwai zazzaɓi, kumburi, ciwon hanta ko wata cuta mai daɗewa, ko da ajiyar babu komai. Shi ya sa ake haɗa shi da kason tiransferin, wanda in ya gaza 20 cikin ɗari yake nuna ƙarfen da ke isa ga gaɓoɓi bai wadatar ba. An fi so a ɗebi jinin da safe, mutum bai sha ƙwayar ƙarfe ba aƙalla awa 24, kuma ba a tsakiyar rashin lafiya ba.

Ƙwayar da aka fi amfani da ita ita ce ferrous sulfate mai miligiram 325, wadda ainihin ƙarfen da ke cikinta miligiram 65 ne, sau da yawa tare da bitamin C don ya taimaka wa hanji. Mutane da yawa na zaton in aka ninka sha za a ninka amfani. Hanta ba ta yarda da haka ba. Tana da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda aka gano a farkon shekarun 2000, aikinsa rufe ƙofar hanji idan ƙarfe ya shigo. Binciken da aka yi a Zurik ta ƙasar Suwizalan, aka wallafa a 2015 da 2017, ya nuna cewa ƙwaya ɗaya na ɗaga hefsidin har kusan awa 24, ta yadda ƙwayar da ta biyo baya da wuri ba ta samun shiga sosai. Matan da suka sha rana ɗaya suka tsallake ɗaya sun tsotsi kaso mafi girma na abin da suka sha. Don haka likitoci da yawa yanzu sun koma sau ɗaya a rana ko bayan kwana bibbiyu, abin da kuma ke rage tashin zuciya da taurin bayan gida da ke sa mutane watsar da maganin. Baƙin bayan gida a lokacin shan ƙwayar abu ne da aka saba gani. Shayi, kofi, madara da magungunan rage tsamin ciki na hana tsotsa, sai a raba lokacinsu da na ƙwayar. Ana buƙatar haƙuri kuma, don sai an yi kamar wata uku ake sake awo a ga inda aka kwana.

Hefsidin ɗin nan shi ne kuma dalilin da ya sa ƙwaya ba ta cika amfani ba idan feritin ya haura 75. Jiki na ganin ya ƙoshi sai ya rufe ƙofa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da hanyar sanar da hanji cewa ita ba ta ƙoshi ba. A nan ne ƙarin ƙarfe ta jijiya ke shigowa, ya zagaye hanjin gaba ɗaya. Wanda aka fi gwadawa a kan wannan ciwo shi ne ferric carboxymaltose, yawanci miligiram 1,000. Ba ya aiki nan take, sauƙin kan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin ya bayyana, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Kimanin rabin waɗanda aka yi wa ne ke samun sauƙi mai ma'ana, wasu na watanni masu yawa. A asibiti ake yin sa a ƙarƙashin kulawa, saboda jikin wasu kan ƙi shi, kuma yana iya saukar da sinadarin fosfet a jini. Ba a yin sa a watanni uku na farkon juna biyu. Rabi ba duka ba ne, amma a ganina babban abu ne a sami maganin da ke taɓa tushen ciwo, wanda in ya karɓi mutum zai iya raba shi da shan ƙwaya kullum.

Muhimmancin hakan na ƙara fitowa idan aka dubi abin da ya faru da magungunan dofamin. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ropinirole don wannan ciwo a 2005, pramipexole a 2006, suka zama abin da ake fara bayarwa. Watannin farko kamar an yi ruwa an ɗauke. Bayan shekaru sai wani abu ya fara bayyana a jikin mutane da yawa: alamun da ke zuwa da dare suka fara zuwa da la'asar, sannan da rana, suka ƙara tsanani, suka haura zuwa hannuwa. Mara lafiya ya koma ya ce magani ya daina aiki, a ƙara masa, abin ya ƙara lalacewa. Idan aka tuna cewa matsalar tun asali ba ƙarancin dofamin ba ce, kunnuwan saurarensa ne suka ragu, za a ga dalilin da ya sa ƙara musu ihu kullum ke ƙara toshe su. An kuma lura wannan taɓarɓarewa ta fi samun masu ƙarancin feritin. Wasu kuma maganin kan jefa su cikin caca ko kashe kuɗi ba kan gado, halin da ba su da shi a da. Jagorar 2025 ta janye waɗannan magunguna daga sahun gaba, ta fifita gabapentin da pregabalin da danginsu, waɗanda su ma suna da nasu illolin kamar jiri da magagi. Wanda ya riga ya daɗe a kan maganin dofamin kada ya yanke shi rana ɗaya, domin ciwon kan dawo da ƙarfin da bai taɓa gani ba. A hankali ake sauka, tare da likita.

Kafin ma a kai ga rubuta sabon magani, ya kamata a zazzage jakar magungunan da mutum ke sha. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci irin su diphenhydramine, maganin amai metoclopramide, da yawa daga magungunan ciwon damuwa irin su mirtazapine, duk suna iya tayar da ciwon ko su tsananta shi. Abin tausayi ne ka ga wanda ƙafa ta hana barci ya sayi maganin sa barci na kanti, ya sha, ya kwana yana zagaye ɗaki fiye da jiya.

Duk da abin da na faɗa a kan amfanin ƙarfe, ba na goyon bayan mutum ya sayo ƙwaya ya fara sha ba tare da awo ba. Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe, abin da ya shiga ya zauna. Masu cutar gado ta tara ƙarfe, da waɗanda ake yawan yi wa ƙarin jini kamar wasu masu sikila da talasimiya (ita ma cutar jini ce ta gado), ƙarfe ya riga ya yi musu yawa, ƙari na iya lalata hanta da zuciya. Shi ya sa ƙa'idojin 2018 suka hana bayarwa idan kason tiransferin ya wuce 45 cikin ɗari. Ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba. Ƙwayoyin nan kuma guba ne mai kisa ga ƙaramin yaro in ya haɗiye su da yawa, sai a ajiye su inda hannunsa ba ya kai.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. In awo ya nuna ƙarfe ya ragu, tambaya ta gaba ita ce ta ina yake zurarewa. Ga mace mai al'ada, sau da yawa amsar na wurin yawan zubar jini, kuma shi ma abin dubawa ne, ba abin da za a ce haka Allah ya yi ta a wuce ba. Ga wani tsutsar hanji ce mai shan jini. Ga wani gyambon ciki ne, ko asfirin da magungunan ciwon gaɓɓai da ke sa ciki tsiyayar jini a ɓoye. Wani hanjinsa ne ba ya tsotsa, saboda cutar da ke hana jiki jure alkama, ko tiyatar rage tumbi, ko daɗewa a kan maganin tsamin ciki. Namiji baligi kuwa, ko macen da ta daina al'ada, in aka same su da ƙarancin jini na rashin ƙarfe, likita zai so ya leƙa ciki da hanji da na'ura, domin kansar hanji kan daɗe tana zubar da jini kaɗan-kaɗan ba tare da ciwo ba, kuma a wasu mutane ƙarancin ƙarfe ne alamarta ta farko. Wanda ya yi ta shan ƙwaya da kansa zai iya ɗaga feritin ɗinsa, ƙafarsa ta ɗan lafa, alhali jinin na ci gaba da zuba a inda ba wanda ya duba.